Daga Ƙofar Fada zuwa Ƙofar Doka: Tarihin Matar da Aka Cuta, Ta Koma Wadda Ake Tuhuma

A zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, matar da miji ya matsa wa a cikin birnin Zariya tana da hanyoyin da kowa ya sani. Ta farko ita ce yaji. Sai ta goya ɗanta bayan magariba, ta yafa mayafi, ta bi lungu ta koma gidan ubanta ko na wata gwaggo. Kwana biyu ko uku sai ga dangin miji a zaure sun zo biko, da goro da ban haƙuri. In abin ya ƙi, a je wurin mai unguwa. In ya gagari mai unguwa, a dangana da alƙali a Ƙofar Fada. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta faɗi yadda aka fara aurar da ita ga ɗan'uwan da ba ta so, ta zauna wasu shekaru don girmama iyaye, sannan ta fita. Aure huɗu ta yi a rayuwarta, kuma babu wanda ya ɗauki hakan abin mamaki a lokacin.

Littattafan da ke gaban alƙalan birni, wato Risala da Muhtasar da Tuhfa, sun san abin da ake kira cutarwa a cikin aure, kuma sun ba ta hukunci. A mazhabar Malikiyya, matar da ta tabbatar miji yana dukanta duka mai cutarwa, ko yana zaginta da zagin iyayenta, tana da haƙƙin alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne hanyar tabbatarwar. Malamai sun gane cewa a bayan zaure ake dukan mace, inda baƙon ido ba ya shiga, don haka Tuhfa ta karɓi labarin da ya yaɗu a bakin maƙwabta a matsayin hujja, ko da babu wanda ya gani da idonsa. In kuma ƙara ta yi ta maimaituwa babu shaida, alƙali yana iya sa a zaunar da ma'auratan kusa da mutanen kirki da za su lura da zamansu, ko ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta ɗaya daga nasa. Wannan fiƙihu ne da aka karanta a zaurukan Limancin Kona da Unguwar Juma tun kafin Turawa su iso.

Duk wannan kariya ce ga matar da ta kai ƙara. Ranar da ta rasa mafita ta ɗauki wuƙa ko taɓarya, sai maganar ta bar hannun alƙalin aure ta koma shari'ar jini, wadda a wancan zamani majalisar Sarki ke yi. A can abin dubawa shi ne ko da ganganci aka yi. In da ganganci ne, magada ke da zaɓi: ƙisasi, ko diyya, ko yafiya. Wanda bai balaga ba ba a yi masa ƙisasi. Amma fushi ko tunzurawa ba sa rage hukunci.

A kan wannan batu na tunzurawa ne aka yi karon da ya sauya shari'ar laifuka a Arewa baki ɗaya, kuma ya kamata a lura da wanda aka yi karon dominsa. Wani mutum mai suna Tsofo Gubba ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa a dokar Turawa wanda aka tunzura haka bai cancanci kisa ba. Sarakuna da alƙalai suka ji zafin wannan shisshigi, aka shafe shekara goma ana gyaran doka ana warwarewa. Tun daga tushe, ke nan, uzurin tunzurawa ya shigo tarihin shari'armu ne ta hanyar fushin miji.

Da 'yancin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Suka ba da shawarar a ɗauko kundin laifuka irin na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. S. S. Richardson ya tsara daftarin, majalisar Arewa ta amince a 1959, ya fara aiki a ƙarshen Satumban 1960. Shi ne Final Kod. Kuma a nan Zariya, a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, aka riƙa tara alƙalai da muhutai da ma'aikatan kotu daga dukkan lardunan Arewa ana koya musu sabuwar dokar kashi-kashi. Richardson da kansa daga baya ya shugabanci makarantar. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kongo ta zama gidan tsangayar shari'a, inda mafi yawan manyan alƙalai da lauyoyin Arewa suka yi karatu.

A cikin mutanen da suka zauna a wancan kwamiti babu mace ko ɗaya, kuma a lokacin matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Ana ganin alamar hakan a cikin kundin.

Sashe na 55 ya jera mutum huɗu da ba su yi laifi ba in sun yi horo: uba ga ɗansa, malami ga ɗalibinsa, ubangida ga baransa, sai miji ga matarsa, muddin al'adar da suke bi ta yarda da hakan kuma horon bai kai mummunan rauni ba. To mene ne mummunan rauni? Sashe na 241 ya lissafa: rasa ido ko ji ko wata gaɓa, karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, nakasa fuska, ko ciwon da ya jefa rai cikin haɗari, ko ya kwantar da mutum kwana ashirin. A yi tunanin abin da ke ƙasa da wannan iyaka. Mari har kunne ya yi kwana uku yana ƙara, bulalar da ta bar shata a baya, kumburin ido da mace ke rufewa da mayafi in za ta gidan suna, duk suna iya fakewa a ƙarƙashin sunan horo. Sashe na 282 kuma ya ce saduwar miji da matarsa ba fyaɗe ba ce in ta balaga, ko ta yarda ko ba ta yarda ba.

Sai ɓangaren kisa. Sashe na 221 ya ce wanda ya yi kisan ganganci hukuncinsa kisa ne, alƙali ba shi da ikon ragewa komai tausayin da ya ji. Mafita ita ce sashe na 222, wanda ya sassauta wa wanda aka tunzura tunzurawa mai tsanani kuma ta farat ɗaya, har hankalinsa ya gushe ya yi kisa kafin zuciyarsa ta huce. Wannan sharaɗi na farat ɗaya an ɗinka shi ne daidai jikin mai ƙarfi, wanda ke iya ramawa nan take. Matar da mijinta ya ninka ta ƙarfi ba ta iya ramawa a lokacin da ake dukanta. In ta taɓa yin wani abu, sai bayan ya yi barci, ko ya juya baya, ko ta hanyar abinci. A idon kundin wannan jinkiri alamar shiri ne, shiri kuma ganganci ne. Haƙƙin kare kai ma haka yake: ana so haɗarin ya kasance a gabanka a wannan lokaci, kuma babu damar neman taimakon hukuma. Ba a tambaya ko matar da ke cikin kulle, wadda ta yi yaji sau uku aka mayar da ita da kalmar "ki yi haƙuri, aure ibada ne", tana da wata hukuma da za ta iya kaiwa gare ta ba.

A 1968 aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma hannun jiha, gidajen yarin En'e kuma, har da na Ƙofar Doka, suka koma hannun gwamnatin tarayya. A 2001 Jihar Kaduna ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Duk waɗannan sauye-sauye sun wuce ba su taɓa tambayar da muke magana a kai ba. Sai da wasu shari'o'i uku suka faru a Katsina da Kano kafin ƙasa ta ga yadda kundin ke aiki in yarinyar da aka yi wa auren dole ce a gaban kotu.

Maimuna Abdulmumini tana da shekara 13 aka kama ta a Jihar Katsina a 2006, ana zarginta da cinna wa mijinta wuta, watanni kaɗan bayan aurensu. Aka ba da belinta, shari'a ta yi ta jan ƙafa, har ta sake aure ta haihu. A Disamban 2012 Babbar Kotun Katsina ta yanke mata hukuncin kisa, ta shiga gidan yari da jaririyarta. Abin takaicin shi ne dokar tsarin shari'ar laifuka ta Arewa da kanta ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai shekara 17 ba lokacin da ya aikata laifin. Kariyar tana nan a rubuce, ba a yi amfani da ita ba. Sai da ƙungiyar lauyoyi ta Avocats Sans Frontières ta Faransa ta ɗauki maganar zuwa Kotun ECOWAS a Abuja, wadda a Yunin 2014 ta ce an tauye mata haƙƙi, ta umarci a biya ta diyyar naira miliyan biyar. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke hukuncin kisan, ta ce a tsare ta har lokacin da gwamna ya ga dama. A 2016 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka sake ta, shekara goma bayan kamun farko.

Shari'ar Wasila Tasi'u ta fi yin amo. A Afrilun 2014, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gaya, mutum huɗu suka rasu bayan cin abincin da aka zuba wa shinkafar ɓera. Cikinsu har da angonta mai shekara 35, wanda ba su fi mako biyu zuwa uku da aure ba. Ita shekararta 14. Aka gurfanar da ita a Babbar Kotu da ke Gezawa, masu gabatar da ƙara suka nemi hukuncin kisa. Babbar hujjarsu takardar amsa laifi ce da 'yan sanda suka rubuta da Turanci, yarinyar da ba ta iya karatu ba ta dangwala yatsa a ƙasa. A duba wannan takarda da kyau, domin irinta ce ke yanke makomar mata da yawa: tambaya da Hausa, amsa da Hausa cikin kuka, rubutu da harshen da mai amsawa ba ta ji, babu lauya a ɗakin, babu uwa. Abin da ya faru da ita a daren farko, wanda daga baya ta shaida wa lauyarta Hussaina Aliyu Ibrahim ta ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA cewa ɗaure ta aka yi aka auka mata da ƙarfi, ba shi da gurbi a irin wannan takarda. A Mayun 2015 Antoni Janar na Kano ya janye tuhumar da ikon da sashe na 211 na tsarin mulki ya ba shi, a Yuni Mai Shari'a Mohammed Yahaya ya sallame ta.

Rahma Hussaini ma a Kano aka kama ta a farkon 2015, tana yarinya, bisa soka wa mijin da aka tilasta mata wuƙa kwanaki kaɗan da ɗaurin aure. A 2018 kotu ta same ta da laifi, ta ce a tsare ta har sai gwamna ya ga dama. Gwamna Abdullahi Ganduje ya yi mata afuwa a Agustan 2021.

Ba na mantawa cewa a kowace ɗaya daga cikin shari'o'in nan an rasa rai, a ta Gaya ma rayuka huɗu, uku daga ciki na mutanen da ba su ɗaura auren ba kuma ba su yi wa kowa komai ba. Suna da iyaye da 'ya'ya. Jini ba abin wasa ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce duk matar da ta kashe miji an cuce ta ne, ko kuwa cuta lasisin kisa ce. Abin da nake nunawa daban ne. Dukansu ukun sun tsira ne ta hanyar ƙarancin shekaru, ko janyewar Antoni Janar, ko afuwar gwamna, kuma bayan lauyoyi masu sa kai da 'yan jarida sun yi ta bugun ƙofa. Babu wadda kotu ta auna abin da aka yi mata ta ce ya rage nauyin laifinta. Da a ce mace mai shekara talatin ce, uwar 'ya'ya biyar, wadda aka shekara goma ana jibga, da uzurin yarinta bai same ta ba. Afuwa kuma kyauta ce, ta danganta da wanda ke kan kujera da kuma ko labarinki ya kai rediyo.

Wasu ƙasashen da suka gaji doka iri ɗaya da tamu sun fuskanci wannan tambaya sun ba ta amsa. A 1990 Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar Lavallee, ta yarda likitan ƙwaƙwalwa ya bayyana wa kotu yadda matar da aka daɗe ana duka ke hango haɗari kafin ya iso. A Ingila, Kiranjit Ahluwalia, 'yar asalin Indiya, ta cinna wa mijinta wuta yana barci a 1989 bayan shekara goma na azaba, aka yi mata ɗaurin rai da rai. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta kuma ce jinkiri tsakanin cuta da ramuwa ba ya kore uzurin tunzurawa kai tsaye. A 2009 majalisarsu ta cire sharaɗin farat ɗaya gaba ɗaya, ta sanya tsoron mummunan hari cikin abubuwan da ke sassauta hukunci. Ingilar da ta kawo mana sharaɗin ke nan ta ajiye shi. A Sudan, inda muka ɗauko kundin, an yanke wa Noura Hussein hukuncin kisa a Mayun 2018 saboda kashe mijin da ya yi mata fyaɗe danginsa suna danne ta, wata guda bayan haka kotun sama ta mayar da shi ɗaurin shekara biyar da diyya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a ƙa'idojin Bankok na 2010 kan mata fursunoni, ta nemi a ba alƙalai ikon duba tarihin mace kafin yanke mata hukunci.

A gida an yi motsi, kuma Jihar Kaduna na cikin waɗanda suka yi gaba. Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane a Mayun 2015, amma a Abuja kawai take aiki sai jihar da ta karɓa. Kaduna ta sabunta kundin laifukanta da dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2017, ta yi dokar kare yara da tata dokar hana cin zarafi a 2018. An buɗe cibiyoyin Salama domin waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka ci zarafinsu, ɗaya daga ciki a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Sunan asibitin ya dace da aikin. Hajiya Gambo, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, tana da shekara 13 aka yi mata auren fari, aka ɗaure ta sau goma sha shida a gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, kuma auren wuri na cikin abubuwan da ta yaƙa tun ana ganin hakan rashin kunya ne.

Sai dai dokar 2015 da 'ya'yanta na jihohi suna kallon mace ne a matsayin mai ƙara. Sun haramta dukan abokin zama, sun ba da damar a nemi umarnin kotu na nesanta mai cutarwa, sun yi maganar diyya da magani. Ranar da matar ta koma akwatin wanda ake tuhuma, dokar tarayyar ba ta da sashen da ke bin ta can. Tsakanin Ƙofar Gayan da Ƙofar Doka tafiyar mintuna ce a keke napep, amma takardar likitan da ta nuna raunukan mace a wancan gefe babu tabbacin za ta iske ta a wannan. Kuma maganar ba ta tsaya a kan kisa ba. Akwai wadda ta watsa ruwan zafi tana ƙoƙarin ƙwatar kanta, da wadda ta gudu da ɗanta aka kai ƙarar ta sace shi, da wadda ta kwashe kayan ɗakinta aka ce sata ta yi. Irin waɗannan ba sa shiga jarida. Sukan zauna jiran shari'a saboda dangin da ya kamata su tsaya musu beli su ne suka mayar da su gidan tun farko. Hukumar ba da agajin lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976, tana nan, amma lauyoyinta ba su kai yawan masu buƙata ba.

A ganina gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ba, kuma ba sai an je Landan aro ba. In fiƙihun da ake karantawa a cikin ganuwar nan ya yarda labarin maƙwabta ya isa a raba aure saboda cutarwa, babu dalilin da zai hana Babbar Kotu sauraron waɗannan maƙwabta, da mai unguwar da ya yi sulhu sau uku, da ma'aikaciyar jinyar da ta ɗinke raunin, kafin ta yanke wa mace hukuncin rataya. A rubuta a doka cewa tarihin cutarwa hujja ce da dole a saurara, cewa tsoron da ya daɗe yana iya zama uzuri kamar fushin farat ɗaya, a kuma ba alƙali ikon sassautawa a inda ya ga dalili. Duk matar da aka kama kan laifin da ya shafi mijinta a kai ta likita ya duba jikinta a ranar, kada a rubuta bayaninta sai da lauya, kuma da harshen da take ji.

Malaman Kongo da na Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci su suka fi kowa cancantar tsara wannan daftari, tunda a harabarsu aka fara koyar da kundin, kuma su ne za su iya nuna wa jama'a cewa gyaran bai saɓa wa addini ba. Masu unguwanni kuma, daga Kwarbai zuwa Kaura, su riƙa rubuta kowace ƙarar duka da aka kawo musu, da rana da sunan shaidu, ko da an yi sulhu an tashi lafiya. Kai kuma mai karatu, in kana jin kukan maƙwabciyarka ta bayan katanga, ka shiga tsakani tun abin bai kai ga jini ba. In har ya kai, kuma aka kira ka kotu, ka je ka faɗi abin da ka ji.